Wasan Taubasai a Zauren Alƙali

Tun ina yaro ba ni da wasa. In aka tsokane ni sai in kumbura, in aka sake sai in kai duka, har mutanen gidanmu a Tambuwal suka haƙura suka bar ni da allona. Ƙanena kuwa, duk dariyar da aka rage mini shi aka ƙara wa. Ya tashi ya zama mai jakuna, yana jigilar kayan mutane tsakanin Tambuwal da Jabo da Kebbe, muryarsa tana riga jakunansa shiga gari. Wannan a zamanin da Nasara bai iso ƙasar nan ba ne, lokacin da in alƙali ya yanke hukuncin sata aka tabbatar daga sama, to hannu ya tafi ke nan.

Muna da taubashi a Kebbe, ɗan gwaggonmu, sa'an ƙanena. Ɗan mace da ɗan namiji ba sa haɗuwa su gaisa kamar mutane, sai an zagi juna tukuna, kowa ya san wannan. Amma nasu ya wuce na kowa. Ƙanena yana kiransa bawa. Shi kuma yana kiran ƙanena ɓarawo, tun wata rana suna yara da ƙanena ya ɗauke masa dafaffen ƙwan zabo. Sunan ya bi shi har gemu. In sun hangi juna a kasuwa sai ka ji taubashin ya ɗaga murya, "Jama'a, kowa shi tattara kayanai, ɓarawo ya iso!" Ƙanena ya amsa, "Wa yak kwance bawan ga daga turke?" Sai a fizgi hula, a ja riga, kasuwa ta ɗauki dariya. Ni dai abin yana ƙona mini rai, balle da taubashin ya yi karatu ya natsu, har aka sa shi na'ibin liman a masallacin shiyyarsu. Na sha gaya musu girma ya zo, su bari. Su biyun sukan haɗu su yi mini dariya, shi ne kaɗai abin da na taɓa ganin sun yi baki ɗaya a kai.

Abin ya faru da kaka, ana yankan gero. Akwai wani dattijo a Kebbe da ƙanena ya daɗe yana yi wa jigila. Dattijon ya zo kasuwar Tambuwal ya sayi gishiri mai nauyi, ya ajiye wurin fatoma, wato mai masaukinsa. Ya ce wa ƙanena in ya je Kebbe ya kwanto takarkarinsa, wato sa mai ɗaukar kaya, ya zo da shi ya ɗauko gishirin, tun da jakunansa sun riga sun yi kaya. Su biyu suka yi maganar, a tsaye, ba na uku. Daga nan dattijon ya wuce Fakku duba 'yarsa. Can ciwo ya kayar da shi, can ya cika.

Ƙanena bai san an yi rasuwa ba. Ya je Kebbe, ya shiga garken gidan da hantsi, maza duk suna gona, ya kwanto san ya kamo hanya. 'Ya'yan dattijon suka dawo suka tarar da turke ba sa, ga labarin mutuwar uba ya iso. Rai a ɓace suka bi sawu, suka cim masa kusa da Jabo yana tafe yana waƙa. Aka kawo shi Tambuwal a ɗaure, aka kai gaban alƙali.

Ina zaune a zauren ranar. Alƙali ya ce masa ana ƙararsa ya saci sa daga garke, me ya ce. Ƙanena ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ban sata ba. Mai shi yac ce in ɗauko." Aka ce wa ya ji. Ya ce Allah. Aka nemi masu ƙara su kawo shaidu, suka kawo biyu. Na farko maƙwabcinsu ne, ya ce yana bisa rumbunsa yana gyaran jinka ya hango shi ya fito da san daga garke. Da aka kira na biyu sai ga taubashinmu ya shigo da rawaninsa. Aka tambaye shi ko ya ga ƙanena ya fito da san. Ya ce ya gani. Ya ƙara da cewa ƙanena ya gaya masa aiko shi aka yi. Alƙali ya ce wannan maganar wanda ake ƙara ce ya maimaita, ba shaida ba ce. Taubashin ya sunkuyar da kai, bai sake cewa komai ba.

Shaidu biyu maza, adilai, sun ga an fitar da dukiya daga ma'ajiyarta. Ko ɗalibin da bai yi nisa ba ya san inda wannan hanya ta nufa. Amma alƙali ba ya yanke hukunci sai ya tambayi mutum ko yana da suka ga shaidun, ko wata hujja da za ta fid da shi. Ya tambaya, sai na nemi izini na ce a ba mu lokaci. Ya ɗiba mana ajali zuwa bayan an gama ɗaurin dammunan gero. Aka wuce da ƙanena gidan yari, aka sa masa mari a ƙafa.

Daga ranar na rufe makarantar da nake koyar da ɗalibai na shiga yawo. Na fara da fatoman. Ya nuna mini gishirin a jingine, ya ce lalle dattijon ne ya ajiye, ya kuma ce za a zo da sa a ɗauka, amma bai ce wa zai zo ba. Na juya tambayar ta kowace fuska, mutumin nan ya ƙi ƙara ko kalma, kuma ban ga laifinsa ba, abin da ya ji ke nan. Na ɗauki jakin ƙanena na tafi Fakku, inda ban taɓa zuwa ba. 'Yar dattijon ta yi mini magana daga bayan zana, ta ce tun da ya faɗi bakinsa ya rufe, bai bar ko wasiyya ba. Na dawo na binciki maƙwabcin nan mai rumbu, ko ana saninsa da ƙarya, ko yana wasa da salla, ko yana da wata ƙullalliya da mu. Ban sami komai ba. Mutum ne da ko akuyar wani bai taɓa kora da dutse ba, har na ji haushinsa don wannan.

Saura taubashi. A hanyar dawowa daga Kebbe ne dabarar ta zo mini, ina bisa jaki. Shari'a ba ta karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa. In shaida ɗaya ta faɗi, ɗaya ba ta isa yanke hannu ba, iyaka a mai da sa ga masu shi. To wane ne a kasuwannin nan bai ji mutumin nan yana zagin ƙanena ba, shekara da shekaru? Na sami mutum biyu a kasuwar Tambuwal, baƙi ne da suka zauna garin, masu mutunci. Sun ji shi da kunnensu yana cewa sai ya ga bayan ƙanena, sai ya ga ranar da za a ɗaure shi a turke. Ban ce su ƙara ba, ban ce su rage ba. Na ce su faɗi abin da suka ji, suka yarda.

Har yau ba na jin kunyar wannan shawara. Masu cewa da su ne da sun ƙi, ba ƙanensu ne a mari ba. Ni na taɓa ganin wanda aka yanke wa hannu, ina saurayi. Yankan bai tsaya mini a rai ba kamar abin da ya biyo baya, yadda in an kawo tuwo yake jan jiki gefe ya ci shi kaɗai da hagu, yadda in ya miƙa gaisuwa mutane ke rasa abin da za su kama.

Na tafi gidan yari da fura a ƙwarya, raina fari, ina ganin na kawo albishir. Na tarar da shi a inuwar katanga, ya rame, kansa ba hula. Na zauna na zayyana masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya ajiye ludayi.

"Yaya, mi kac ce? Gaba? Ni da bawana?"

Na ce haka za a faɗa, kuma ba wanda zai yi rantsuwar ƙarya.

"Su ba su yi ƙarya, ni ka yin ta," in ji shi. "Ni za a tambaya in da suka. Wallahi ba ni buɗa baki gaban alƙali in ce shi maƙiyina na."

Nan zuciyata ta hau. Na ce, "Hannunka na anka sa gaba, kai kana zancen wasa! Da mi za ka ɗaure kaya? Da mi za ka ci tuwo cikin mutane? Shi da yat tsaya yab ba da shaida, ya tuna da wasan?"

Ya ɗaga hannun yana dubawa, ya juya shi ciki da baya. Ya ce tun da aka kawo shi nan ba abin da yake kallo sai shi, har ya san zanen tafinsa kamar hanyar Jabo. Ya ce tsoro kam yana ji, ba zai ɓoye mini ba. Sannan ya ce, "Amma, Yaya, mutumin da ko ran nan, bakin ƙofar garken, shi yar riƙa man igiyar san har niɗ ɗaure shimfiɗa? Yana ihu wai ɓarawo ya fasa gida, yaf fizge man hula, nib bi shi muna zagaya sa kamar yara, matan gidan na ta dariya bayan danga. Wanga shi na maƙiyi? Hulata ma tana wurinai, ya ce sai na kawo goro in fanshe ta."

Na ce ya sake faɗi. Ya sake. Na ce me ya hana shi gaya wa alƙali wannan tun ranar farko. Ya dube ni kamar na zautu. Ya ce wa ke kai wasan taubasai zauren alƙali, kuma ni da kaina ba ni ne kullum ke cewa abin kunya ne ba?

Daga nan gidan tsohon malamina na nufa, wanda na yi karatun hukunce-hukunce a gabansa. Idonsa ya tafi amma kansa garau. Na ba shi labari. Ya ce ai na karanta wannan hukunci a zaurensa, na dai manta. Wanda aka kama da kayan wani ya ce aiko shi aka yi, ana duba halin da ya ɗauka a ciki. In ya shiga ta inda mutane ke shiga, ya fita ta inda suke fita, a lokacin da mutane ke kai da kawowa, bai ɓoye kansa ba, to maganarsa ta yi kama da gaskiya, haddi ya faɗi. Dariyar mata ba za ta tsaya a wannan shari'a ba, in ji shi, sai bakin namijin da ya gani. Kuma shaidan da ya riga ya yi magana, ba a karɓar ƙari daga gare shi sai in adalcinsa ya fito fili, ba tabo. Sannan ya ce ya ji ina tara mutanen da za su sa masa tabon.

Na fito da hanya biyu a gabana, kuma ba a bin su tare. In na soki taubashi, shaidarsa ta faɗi, har da duk abin da zai ƙara. In na bar shi tsaye ya ƙi ƙarawa, shaidu sun cika biyu, hannu ya tafi. Ta farko tana hannuna, mutanena a shirye suke. Ta biyu tana bakin mutumin da ya riga ya yi shiru sau ɗaya.

Na koma Kebbe. Na yi sallama a ƙofar gidansa, ya fito da kansa. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ɗalibai, ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake yi wa baƙon da ba a sani ba. Ni ma taubashinsa ne, ko da ba na amsawa bai taɓa bari na zauna bai ce malamin da ya fi tawadarsa baƙin rai ya iso ba. Ran nan ba ko ɗaya. Duk shekarun da na yi ina roƙon a girmama ni, ga girman an ba ni, sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi.

Shi ya fara. "Na ji an ce kana neman waɗanda za su shaidi ni maƙiyin ɗan kawuna na."

Na ce gaskiya ne.

"Ka samu?"

Na ce na samu biyu.

Ya gyaɗa kai. "Ba su yi ƙarya. Duk abin da sunka ji, na faɗe shi."

Na ce mai hannun ya ƙi. Na gaya masa yadda muka yi a gidan yari, ban rage ko zagin da na yi masa a can ba. Ya kawar da fuska wajen bango, ya daɗe a haka. A bangon nan, a kan wani ƙaho da aka kafa, na ga hular ƙanena a rataye, wata tsohuwar hula mai maiƙo da ko kyauta ba za a karɓa ba. Na ga ya san na gani.

Na bayyana masa abin da malamina ya ce, da abin da nake nema. Ya ce bai san wasan yana da wani amfani a shari'a ba, da ya sani ma bai san ko da ya iya ba. "Ka san abin da kaka roƙo?" in ji shi. "In ce ni nir riƙa igiya. Ɗiyan mamacin ga bayana suka salla, kuma tun yanzu suna raɗa wai da sanina anka yi. Sannan in tsaya da rawanina gaban alƙali da dattawan gari in ce na yi tsere ina zagaya sa da hular mutum. Wa ka sake bina salla?"

Na so in lallashe shi, da niyyar haka na zo. Amma halina bai bar ni ba. Na ce, "Rawaninka da hannunai, wane yaf fi?" Na faɗa da ƙarfi har kaji suka watse a tsakar gida.

Ya rako ni har bakin hanya, ya ce in gai da gida, Allah shi kiyaye hanya. Na hau jaki ban san ko na gyara ko na ƙara ɓatawa ba.

Na sake komawa wurin ƙanena na gaya masa ba alkawari. Na roƙe shi, ni da ban saba roƙo ba, na ce ya bi hanyar da muke da tabbas, in an fita ya je ya ba taubashin haƙuri, ai jini ba ya ƙarewa. Ya ce zai duba. Na san wannan "zai duba" tun yana yaro in an aike shi inda ba ya so.

Ranar da ajali ya cika na zo da mutanena biyu, na zaunar da su a gindin durumi a ƙofar zaure, inda kira ɗaya zai shigo da su. Zauren ya cika. 'Ya'yan dattijon suna gefe guda, shaidu suna gefe. Na dubi taubashi ko zan karanci wani abu a fuskarsa, ba komai, idonsa na kan tabarma. Aka shigo da ƙanena, marin yana ƙara. Alƙali ya sa aka maimaita shaidar, sannan ya ce masa, "Kana da suka ga mutanen ga?"

Na kafe shi da ido. Bai dube ni ba.

"Allah shi gafarta Malam, ba ni da suka. Mutanen kirki na, su duka."

Alƙali ya ce to yana da wata magana?

"Guda ɗai. Ina roƙo a tambayi ɗan gwaggona ina hulata."

Aka yi ta kallon juna. Alƙali ya ɗaure fuska, ya ce nan ba wurin wasa ba ne. Kafin ya rufe baki taubashin ya sa hannu a aljihun rigarsa, ya fito da hular, ya ajiye a gaban buzun alƙali. Ya nemi izini ya ƙara a kan shaidarsa. Alƙali ya tambayi dattawan da suka san shi, suka ce ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Ya ce ya faɗi.

Ya faɗa, bai tsallake komai ba. Ya ce da hantsi ne, rana ta ɗaga. Ya ce ƙanena ta babbar ƙofa ya fito, ya ma tsaya ya mai da itacen ƙofar don kada maruƙa su bi shi. Ya faɗi abin da ya kira shi da ƙarfin da ya kira, ya faɗi abin da aka mayar masa. Ya ce shi ya riƙe igiya. Da ya zo kan tseren, gumi na bin gemunsa, muryarsa ta yi ƙasa, alƙali ya ce ya ɗaga. Ya ɗaga. Wani a baya ya kasa riƙewa ya tuntsire, dariya ta bi zauren kamar wutar kara, dogari na tsawa. Ni ban yi ba. Ina kallon mutum yana tuɓe girmansa da hannunsa a gaban jama'a, kuma ni na je har gida na nema.

Alƙali ya juya ga mai rumbu, ya ce shi daga sama bai ga wannan ba? Ya ce ya gani mana, har ya kusa faɗowa don dariya. Aka ce me ya hana shi faɗi? Ya ce ba a tambaye shi ba, kuma ai taubasai ne.

Alƙali ya shafa gemu. Ya aika aka kira fatoman ya faɗi nasa. Sannan ya ce wanda ya zo sata ba ya tsayawa ƙofa yana tara wa kansa jama'a. Ya rantsar da ƙanena cewa aiko shi aka yi, ya ce sa da gishiri na magada ne a mai da musu, a cire mari. Hula kuma, in ji shi, a ba mai ita. Ko murmushi bai yi ba.

Na fito na sallami mutanena biyu, na gode musu. Ɗayansu ya ce ai da an kira su da tuni an gama, ba sai an sha wannan tsoro ba. Na ce gaskiyarsa.

An ceci hannu. Ƙanena ya koma kan jakunansa, ya ɗaure kaya da shi, ya ci tuwo da shi cikin mutane, ya aurar da 'ya'ya. Taubashin kuwa bai sake shiga gaban sahu ba. Ba wanda ya cire shi. Ya dai lura in ya shiga gaba 'ya'yan mamacin da mutanensu sai su tsaya sai an idar su yi tasu, ya ga kada masallaci ya rabu saboda shi, ya koma sahun baya ya zauna can har tsufa.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne wasan ya mutu. Ba faɗa suka yi ba, ziyara ma ta ƙaru. Amma a kwanakin da ƙanena yake tsare, yara sun bi matarsa a hanyar rijiya suna kiranta matar ɓarawo, kuma ba da wasa ba. Taubashin ya ji wannan. Tun daga nan kalmar ta ƙi fita bakinsa. In sun haɗu a kasuwa ƙanena yakan gwada, ya ce wa ya kwance bawan nan, sai taubashin ya yi murmushi ya miƙa hannu ya ce ina gajiya. Ƙanena ya kai masa goro har Kebbe, ya ce fansar hula ce, tun da alƙali ne ya ƙwato ba shi ya biya ba. Ya karɓa ya yi godiya ya sa albarka. Ƙanena ya dawo ya zauna a zaurena kamar wanda ya je ta'aziyya. Ya ce, "Yaya, yanzu kowa ganin girmana shika yi. Ba ni da mai zagina."

Na sami abin da na daɗe ina nema, manya biyu suna gaisawa kamar manya. Ban taɓa jin daɗinsa ko sau ɗaya ba. Na yi ta tunani a shekarun nan ko da na bi tawa hanyar da abin ya fi haka, sai in ga can ma wasan mutuwa zai yi, mutuwar da ta fi wannan muni. Wataƙila duk abin da aka kai zauren alƙali ba ya komawa gida yadda ya fito.

Ƙanena ya riga mu gidan gaskiya, da damina, bayan gajeruwar jinya. Aka aika Kebbe. Muka jinkirta kaɗan, sai ga taubashin a kan jaki, ya tsufa, ana riƙe shi ya sauka. Ya ce shi zai yi wankan. Muka shiga mu biyu, ni ina zuba ruwa, shi yana wankewa. Daga dama ake farawa. Ya ɗaga hannun nan, hannun da igiya ta yi wa kanta, ya wanke shi yatsa bayan yatsa. Ya gama amma bai ajiye ba. Na tsaya da buta ina jira.

Sai na ji ya ce, a hankali, da irin muryar da na daɗe ban ji ba, "Ɓarawo. Ka dai tsere da shi."

Ni da ban taɓa yi wa wasansu dariya ba, dariya ta kuɓuce mini a gaban gawa, daga nan ta juye kuka, har ruwan ya zube a ƙasa. Taubashin ya karɓi butar daga hannuna, ya ce in je in ɗebo wani.